Tsakanin Magariba da Isha: Yaushe Yaranmu Suke Zaman Gida?

Maman Sadik (Tudun Wada):
Assalamu alaikum iyaye. Ku gafarce ni da dogon rubutu, abin ne ya tsaya mini a wuya tun ranar Asabar. Mun shiga cikin birnin Zariya gaida surukata a Kwarbai. Ana idar da magariba aka ɗauke wuta, sai Hajiya ta sa aka baza tabarma a tsakar gida, ta tara jikoki ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Yaran gidan suka haɗa baki, “Ta zo mu ji ta!” Shi kuwa Sadik ɗina, mai shekara shida, sai ya miƙe ya nufi zaure, wai zai dubo wadda ta zo. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ta yaƙe ce. Da za mu tafi Hajiya ta rako ni har bakin ƙofa ta ce, “'Yar nan, yaranki suna da karatu, amma baƙi ne a gida.”

Na kwana ina lissafi. Biyar da rabi nake tashinsu. Salla, wanka, shayi da burodi a tsaitsaye, bakwai saura mai keke napep ya danna hon. Biyu da rabi su dawo, su tuɓe yunifom su sa na Islamiyya, su ɗan taɓa abinci, huɗu saura sun fice. Ana kiran magariba suke shigowa. Daga nan homwok, daga homwok sai hadda, sai dai in waiga in ga Ummi, mai shekara huɗu, ta ɓingire da lomar tuwo a hannu. Asabar da Lahadi kuma tahfiz, takwas zuwa azahar. To don Allah a ina zan saka gidan? Ku masu ƙananan yara, yaya kuke yi?

Uwar Biyu (Gyallesu):
Wa alaikumus salam. Maman Sadik, kamar kin leƙo ɗakina kika rubuta. Ni nawa ma tagwaye ne, duk abin da kika lissafa ki ninka shi biyu. Jiya Hassan a kan sallaya ya yi barci, sai da na ɗauke shi da hula a kai.

Baban Hanifa (Samaru):
Hajiya, da dukkan girmamawa ga Hajiya babba, ni ban ga abin tayar da hankali ba. Gizo da Ƙoƙi ba sa cin jarrabawa. Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello take bakin ƙofarmu, 'ya'yan mutane daga ko'ina a ƙasar nan suna zuwa su yi digiri su tafi, ɗan gari kuwa da yawa shi ne mai kai su aji a kan acaɓa. Ni wannan ya fi damuna da rashin sanin “ta zo mu ji ta”. Yaro in yana da Alƙur'ani a ka, yana da lissafi da Turanci, me ya rage masa? Kuma mu faɗi gaskiya, tatsuniya ƙarya ce. Muna hana yaro ƙarya da rana, da dare mu zaunar da shi mu shara masa ita.

Uwar Biyu (Gyallesu):
Baban Hanifa, katun ɗin da Hanifa take kallo a wayarka fa, wahayi ne?

Baban Hanifa (Samaru):
Aƙalla tana tsintar Turanci a ciki.

Malam Ƙarami (Limancin Kona):
Bismillah. Baban Hanifa, a kan neman ilimi ina bayanka ɗari bisa ɗari. Amma maganar ƙarya tana son gyara. Ƙaryar da shari'a ta hana ita ce wadda ake nufin mai ji ya ɗauka gaskiya ce. Ita kuwa tatsuniya da bakinta take tona kanta. Ka tuna yadda ake rufe ta: “Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya.” Yaro ɗan shekara uku ma ya san kura ba ta zuwa kasuwa.

Ƙaryar da ya kamata mu ji tsoro a gidajenmu ita ce wadda muke yi kullum ba ma ko lura. “Yi shiru, in na dawo zan sayo maka mota.” “Je ka ɗauko takalminka mu tafi tare,” yaro na shiga ɗaki uba ya sulale. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) yana gidan, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. To auna wannan da dabarar takalmi.

Sannan a kan karatun: umarnin salla ma sai a shekara bakwai aka ce a fara yi wa yaro. 'Yar shekara huɗu da ake ɗora wa makaranta uku, ban san inda muka samo wannan ba.

Baban Hanifa (Samaru):
Allah gafarta Malam, na karɓi ta takalmi, don ni ma ina yi. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malam Ƙarami (Limancin Kona):
Tanƙwarawa aka ce, Alhaji, ba karyawa ba.

Anti Nas (Wusasa):
Bari in shigo ta ɓangaren aikina na kiwon lafiya. Maman Sadik, ƙarfe nawa Ummi take kwanciya, kwanciya ta sosai a kan katifa?

Maman Sadik (Tudun Wada):
Anti, in na tashe ta ta ƙarasa homwok, sai goma.

Anti Nas (Wusasa):
To lissafa. Goma na dare zuwa biyar da rabi, awa bakwai da rabi ke nan. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro mai shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, har da na rana. Mai shekara 1 zuwa 2 kuwa awa 11 zuwa 14. Kin ga kullum Ummi tana bin ki bashin awa biyu da rabi, mafi ƙaranci. Iyaye suna zuwa mana da yaro, a ce ba ya cin abinci, ga rigima, ga mantuwa, a rubuta masa maganin ƙarin jini. In ka bi diddigi sai ka tarar yaron nan barci kawai yake nema. Haddar ma da ake ta fafutuka a kai, ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta riƙe ta.

Maganar waya kuma, ƙa'idar nan ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ni na ga jaririn wata takwas da ba ya buɗe baki ya karɓi kunu sai an kunna masa waya. Uwar tana ba ni labari tana dariya, wai wayo ne.

Malama 'Yar Firamare (Tudun Jukun):
Tunda an taɓo homwok, bari in fasa ƙwai. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a ƙananan azuzuwa. Wallahi rabin homwok ɗin 'yan nazare iyaye mata ne suke yi. Muna gane rubutunku, ko da kun rubuta da hagu. Kun san mun sani, mu ma mun san kun san mun sani, mu sa maki mu wuce. Me ya sa muke bayarwa? Don ranar da yaro ya koma gida jakarsa ba aiki, washegari uwa za ta zo ta ce makarantar nan ba a karatu, za ta cire ɗanta. Mai makaranta kuma kuɗin zango yake dubawa. Akwai shekarar da na daina ba 'yan ajina aikin gida sai ranar Alhamis, ba a yi wata guda ba aka kira ni ofis.

Abin da nake so daga ɗan shekara huɗu ba shafi uku na rubutu ba ne. Ya iya sauraron magana daga farko har ƙarshe, ya iya ba da labarin abin da ya gani a hanya, ya iya jiran layi. Yaran da ake yi wa hira a gida daban suke a aji, tun ranar farko ake gane su.

Uwar Biyu (Gyallesu):
Malama, ki rufa mana asiri. Ni da hagu nake yi kuwa.

Maman Walid (Hanwa):
Na karanta wa mahaifiyata duk abin da aka rubuta, ta ce in ɗauki maganarta in rubuta muku yadda ta faɗa. A Unguwar Juma ta tashi, ta haura saba'in. Ga shi:

“Ki gaishe su. Ki ce musu mu ba mu san wani abu wai lokacin tarbiyya ba. Yaro yana gindinka ne kana aiki, shi ke nan. Da asuba a tashe mu, mu gaida kowa ɗaki-ɗaki, a durƙushe, tun daga turakar Malam har ɗakin amaryar gidan. Mu ɗauki allo mu tafi. Hantsi ya yi mu dawo mu tarar da ɗumame ko koko. Daga nan mai shara ta ɗau tsintsiya, mai wanke-wanke ta nufi gindin rijiya. Ina shekara biyar aka sassaƙa mini 'yar taɓaryata, ina daka ƙasa a gefen turmin Inna. Da wasa da wasa na iya surfe, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Bayan azahar a koma allo. Ranar Laraba mu kai kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a ba karatu. Kwana biyu cur, ki faɗa musu, kuma a haka mutane suka sauke, har suka zama malaman da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsu daga wasu garuruwa.

“Magariba ta yi, kowa ya shigo. Kaji ma sun shiga akurki balle ɗan mutum. A ci tuwo. In farin wata ne, bayan lisha 'yan mata su fita gaɗa, maza su yi langa. In duhu ne a taru ɗakin Kaka. Ita ba ta fara tatsuniya sai an gama tsince mata auduga ko an ɓare gyaɗa, hannu na aiki kunne na ji. Da rana kuwa ko ka roƙa ba za ta yi ba, sai ta ce wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata zai yi. Sai da na girma na gane don kada mu bar aiki ne.

“Amma kada su ce zamaninmu duk daɗi ne. Ƙyanda ta shigo unguwa, gida ɗaya sai a fitar da yara biyu. Mu goma sha ɗaya Inna ta haifa, shida muka rayu. Ni ban yi boko ba, har yau abin yana yi mini ciwo, sai an karanta mini saƙon waya. Su riƙe rigakafinsu da makarantarsu.

“Abin da nake tausaya musu shi ne kaɗaici. Gidanmu mata tara ne. In uwarka tana kan murhu, gwaggo ta goya ka, kishiyar uwa ta yi maka wanka, kaka ta ba ka labari. Ɗan fari ma uwarsa ko sunansa ba ta faɗa, don alkunya, wasu ne ke rainonsa. In an tashi yaye a kai ka gidan kaka ka yi kwanaki. Yanzu yarinya ɗaya a gida mai get, ita ce uwa, ita ce gwaggo, ita ce kaka, ga ɗinki ko aikin ofis. Aikin mutum tara ne take yi, sannan ta zauna tana zargin kanta. Ki ce wa mai tambayar nan ba gazawarta ba ce. Surukar tata da ta ce yara baƙi ne, ta faɗi gaskiya, amma maganin yana ɗakinta. A kai mata su.”

Maman Sadik (Tudun Wada):
Maman Walid, ki ce wa Inna na gode, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wallahi sai da na ajiye wayar na share hawaye.

Kawu na Ƙofar Gayan:
Inna ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, shi ne kwano. Mu a tire ɗaya muka ci, mu bakwai. A nan ka koyi wanke hannu, ka koyi bisimilla, ka koyi cin gabanka. Nama yana tsakiya ba mai taɓawa sai an gama, babban wa ya raba, ƙarami ya fara ɗauka ko ya ɗauka a ƙarshe, gwargwadon dokar gidan. Ƙarami ne mai riƙe bakin kwano, shi ne mai kai shi wurin wanke-wanke. Yanzu kowane yaro da filet ɗinsa da cokalinsa, wannan a kan kujera, wancan a gaban talabijin, wani ya ce shi ba ya cin miyar kuka a dafa masa Indomie. Ni a gidana na dawo da tire, ko da sau ɗaya ne a yini, da dare. Ranar Juma'a kuma fate, ba fashi, da rama ko yakuwa, a ci ana gumi.

Bakanon Sabon Gari:
Ai na san za a zo nan. Zage-zagi ba za ku yi muhawara ku tashi ba a ambaci fate ba. Kafin ku koya wa yaran tatsuniya, don Allah ku fara koya musu cewa “rigata”, ba “rigana” ba.

Kawu na Ƙofar Gayan:
Kai bawanmu, shekara nawa kana cin arziki a Sabon Gari? Fate ya riƙe ka, ka kasa komawa.

Bakanon Sabon Gari:
Ashirin da biyu, Kawu, kuma har yau da gurasata nake zuwa.

Anti Nas (Wusasa):
Kawu, ina son tire, amma da sharaɗi. Ɗan shekara biyu in aka haɗa shi da 'yan shekara goma, kafin ya kai loma uku sun share kwanon. Muna ganin yaran da suka rame a gidan da abinci bai yi ƙaranci ba, saboda wannan. Ƙaramin a zuba masa nasa, ya zauna a cikin da'irar, uwa tana ganin abin da ya ci. Wanda ke tari ko gudawa shi ma a ware masa. Kuma wanke hannu da sabulu, ba a tsoma hannu bakwai cikin ruwan roba ɗaya ba.

Malam Ƙarami (Limancin Kona):
Ladabin da Kawu ya lissafa yana cikin Bukhari da Muslim. Umar ɗan Abu Salama yana yaro hannunsa na yawo cikin akushi, Annabi (SAW) ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ku lura, suna cin abinci tare ne aka yi gyaran. Uban da ba ya zama ci da ɗansa, yaushe zai ga hannun balle ya gyara?

Uwar Biyu (Gyallesu):
Yauwa Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tun ɗazu ana ta uwa, uwa, kaka. Ina iyaye maza? A fita tun yara ba su gama shiri ba, a dawo magariba a ajiye leda, a tafi masallaci, daga isha a zarce majalisa ko teburin mai shayi, ana ta siyasa da ƙwallon Ingila har sha ɗaya. A shigo yara sun yi barci. Hussaini ya taɓa tambayata wai Abba a ina yake kwana. Ku yi dariya, amma ni ban yi ba.

Baban Hanifa (Samaru):
Hajiya, a yi mana adalci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ke ciyar da gida ya san abin da yake ji. Kuɗin keke napep na kai yara makaranta kaɗai ya isa ya hana mutum barci. Wani a Kaduna yake aiki, ya fita da asuba, ya dawo ya maƙale a cunkoson Kwangila. Majalisar nan da kuke gani, a nan ake jin inda aiki ya faɗo, a nan ake haɗa kuɗin asibitin maƙwabci.

Uwar Biyu (Gyallesu):
Ban ce a rushe majalisa ba, Alhaji. Tsakanin magariba da isha nawa ne? Awa ɗaya da 'yan mintuna. Shi kaɗai muke roƙo.

Kawu na Ƙofar Gayan:
Ni dai ba zan kare mu ba, don na yi wannan kuskuren da manyan 'ya'yana. Babban yanzu yana da aure, in muka zauna daga gaisuwa sai shiru, kamar baƙo da mai masauki. Ba faɗa muka yi ba, sabo ne babu. Ƙananan nan uku da na samu da girma, na canza. In na idar da magariba gida nake dawowa, in zauna a tabarma. Ba wa'azi nake yi ba. Wani ya hau wuyana, wata ta kawo allonta in biya mata, autan ya ba ni labarin akuyar maƙwabta da ta haihu. Ana kiran isha in kama hannun namijin mu tafi. Majalisa kuma tana nan, ban taɓa zuwa na tarar ta gudu ba.

Malam Ƙarami (Limancin Kona):
Hadisin Jabir da ake kafa hujja da shi a shigo da yara da magariba, mutane rabinsa suke riƙewa. An ce a tsare su a farkon dare, in wani ɓangare na daren ya wuce a sake su. Wato lokacin nan dama na gida ne. Mu ne muka cika shi da homwok da waya.

Amaryar Dogarawa:
Ni ɗana wata tara ne, ina ta karatu ina ɗaukar darasi. Amma gaɗa da langa da Inna ta ambata, wa zai saki ɗansa waje da dare yanzu? Ga masu babura, ga labaran satar yara. Unguwarmu sabuwa ce, maƙwabciyata ma ban san sunanta ba, Maman wane kawai nake ji.

Maman Walid (Hanwa):
Amarya, haka muke a Hanwa. Abin da muka yi, mu gida huɗu a layinmu muka haɗa kai. Ranar Alhamis bayan la'asar, da yake ba Islamiyya, yara su taru a gida ɗaya, ana zagayawa. Ba a kunna komai. 'Yan mata na koya musu carafke da 'yar gala-gala, mazan su yi ta ɓuya da tseren taya a cikin get. Uwa ɗaya ta tsare, uku su huta ko su je unguwa. Ba mu kai mata taran Inna ba, amma huɗu ta fi ɗaya. Ki fara da kai wa maƙwabciyar taki ƙosai, sunan zai fito.

Malama 'Yar Firamare (Tudun Jukun):
Ga kuma Juma'a. Tun Disambar 2021 jihar Kaduna ta mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu, makarantun gwamnati suka bi a Janairun 2022. Na ji daɗi a lokacin, na ce yara sun samu ranar gida. Me ya faru? Iyaye da yawa suka nemo lesin suka cusa a wurin. Mu fa in muka ga yaro zaune ba ya komai, sai mu ji kamar asara ake yi.

Baban Hanifa (Samaru):
To ni tambayata, me za a cire? Kowa yana cewa a ƙara hira, a ƙara tire, a ƙara ziyara. Yinin dai awa 24 ne. Boko ba ta ciruwa, Islamiyya ba ta ciruwa.

Anti Nas (Wusasa):
Ga 'yar shekara huɗu? Tahfiz na Asabar da Lahadi ya jira ta kai shida ko bakwai. Homwok in ya wuce minti goma sha biyar a rufe littafi, a rubuta wa malama cewa barci ya ɗauke ta. Takwas da rabi tana kan katifa, cikin gidan sauro. Kuma ku riƙa duba lokacin kaka da na damina: a Nuwamba shida da 'yan mintuna an yi magariba, a Yuli sai kusan bakwai. Dare ya fi tsawo da hunturu, a nan ne za ku fi samun sararin hira.

Malama 'Yar Firamare (Tudun Jukun):
In kun rubuto haka wallahi ba za mu ce komai ba. Mu ma hutu ne.

Kawu na Ƙofar Gayan:
Kada kuma a manta da na shekara-shekara, su ne yaro ke riƙewa har tsufa. Goma ga azumi yara su fara tashe, a sa gemun auduga a cusa tsumma a ciki. Daren cika-ciki a fito da wutsiyar ragon layya da aka adana, a ce kowa ya ci ya ƙoshi. Da salla, Hawan Salla, Hawan Bariki, Hawan Daushe. Ina kan wuyan mahaifina a ƙofar fada na fara ganin marigayi Sarki Shehu Idris a kan doki, bai daɗe da hawa gadon sarauta ba, a 1975 ya hau. Ƙarar bindiga ta sa na ƙanƙame masa hula har ta faɗi. Bara na ɗora autana a wuya ya ga Sarki Ahmed Nuhu Bamalli, shi ma ya cire mini tawa hular.

Bakanon Sabon Gari:
Kawu, ka kawo shi Kano ya ga hawa na gaske.

Mai kula da zaure:
Bakano, gargaɗi na farko.

Maman Sadik (Tudun Wada):
Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto bayan sati biyu, kada a ce na tayar da ƙura na gudu. Na nuna wa Baban Sadik duk abin da aka rubuta. Maganar Kawu ta babban ɗansa ce ta kama shi, ya daɗe shiru. Mun cire Ummi daga tahfiz sai ta ƙara girma, Sadik ya ci gaba amma Asabar kawai. Ranar Lahadi da hantsi a kai su Kwarbai, a ɗauko su bayan isha. Hajiya ta ce dama abin da take jira ke nan, ta ƙi faɗa ne kada a ce ta shiga gidan ɗanta.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Tire kwana uku ya yi aka koma filet, don Ummi tana kuka wai Sadik yana cin gefenta. Babansu ya dawo bayan magariba sau biyar cikin sha huɗu, na dai ƙirga. Wayoyi muna jefa su cikin wata tsohuwar kula mu rufe har a yi isha, kuma ni ce na fi kowa shan wuya, hannuna har ƙaiƙayi yake.

Shekaranjiya Sadik ya dawo daga wurin kakarsa ya tsaya gaban babansa ya ce, “Ƙulin ƙulifita.” Uban ya ce, “Gauta.” Ya ce, “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya.” Wallahi mutumin nan da digirinsa ya kasa. Ya ce ya ba shi gari, ya ba shi Kano, yaro ya ce ba ya so, sai da aka ba shi Zariya da Kufena a kai sannan ya ce tsintsiya.

Matsalata yanzu, tatsuniya biyu da rabi na iya, kuma sun ƙare. Rabin ita ce ta Gizo da hankaki, da suka ara masa gashin fuka-fuki ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya yi musu rowa suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Daga nan na manta. Jiya na ce musu sai gobe, yau kuma goben ce. Wa ya tuna yadda ya sauko?

Bakanon Sabon Gari:
Yaro ya ƙi Kano? Lallai an gama lalata shi.

Uwar Biyu (Gyallesu):
Ruwa ya faɗa, ya tsinci kansa a gidan kada, har ya riƙa cinye musu ƙwai. Yadda ya tsere ne ni ma ya ɓace mini.

Maman Walid (Hanwa):
Na tambayi Inna. Ta ce ta sani sarai, amma ba za ta faɗa a waya ba, kuma yanzu rana ce. Wai duk mai so ya kawo yaransa ranar Alhamis bayan magariba, tana nan wurina a Hanwa har ƙarshen wata. A zo da tabarma, namu biyu ne kawai. Ta ce kuma a taho mata da goro, fari.

Baban Hanifa (Samaru):
Maman Walid, ki turo mini kwatancen gidan ta akwati. Daga Samaru ta wace kwana ake shiga?